Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saƙa Bargon Ulu da Yadda Ake Gyara Su

Da sanyi ya fara leƙowa Kano, wajen ƙarshen Nuwamba, sai ki ga mata sun zaro kwarashi da tsinken saƙa daga ƙasan akwati. Hula da safar jariri ba sa wahalar da kowa, kwana biyu an gama. Bargo ne ke kayar da mutane. Ina nufin bargon ulu mai launi-launi wanda a Amurka ake kira afgan, sunan da suka aro daga ƙasar Afganistan, wanda ake saƙa shi falle ɗaya ko a yi shi gida-gida a harhaɗa. Girmansa ne ke jawo wahalar. Kuskuren da hula za ta ɓoye, bargo sai ya baje shi a fili, domin kin maimaita shi a layi ɗari biyu ko fiye.

Ɓarnar farko tun a kasuwa ake yin ta. Mace za ta shiga Sabon Gari ta sayi curi huɗu, ta ce idan ya ƙare ta dawo. Ni ma na yi haka a bargon da na saƙa wa jaririn matar yayana. Ulu ya ƙare saura kamu biyu, na koma shagon, aka ba ni shuɗi mai suna ɗaya, kamfani ɗaya. A ɗaki ban ga komai ba. Ranar da na shimfiɗa shi a tsakar gida sai ga layi ya raba bargon biyu, sama ya fi ƙasa duhu, kuma bikin suna saura kwana uku. Abin ya dame ni ƙwarai. Dalilin shi ne kamfani yana rina ulu tukunya-tukunya, kamar dai yadda baba ke bambanta daga karofi zuwa karofi a Ƙofar Mata. A jikin takardar curin akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini. Ta biyun ce ya kamata ki duba, ki tabbata duk curin da kika ɗauka lambarsu ɗaya. Idan kuma aikin gama ya gama, kada ki ɗora sabon kai tsaye. Ki yi layi biyu da tsohon, biyu da sabon, har tsohon ya ƙare, bambancin zai narke. Ko ki ratsa wani launi dabam a tsakani, kowa zai ɗauka ado ne.

To, curi nawa za ki saya? Nan ne gwaji ke shigowa, kuma shi ne abin da kusan kowa ke tsallakewa don ɗoki. Ki saƙa ɗan ƙyalle da ulun da tsinken da za ki yi aikin da su, faɗinsa ya kai santimita 15, ki wanke shi, ya bushe, sannan ki ɗora tef ki ƙirga ido, wato kowane madaukin zare na saƙar, nawa ne a jere a cikin santimita 10 na tsakiya. A ce kin sami 18. Bargo mai faɗin santimita 120 zai ci ido 216 ke nan. Idan gida-gida za ki yi, kowane gida santimita 20, bargo mai 120 da 160 zai ci gida 48. Ki ga gida nawa curi ɗaya ke fitarwa. In uku ne, curi 16 kike bukata, ki ƙara biyu na haɗi da baki. Gwajin nan yamma ɗaya zai ci miki, kuma shi zai gaya miki ko tsinken ya dace. Bargo yana son laushi, ya kwanta a jiki. Idan ƙyallen ya fito da tauri kamar tabarma, ki ƙara girman tsinke. Ulu mai matsakaicin kauri yakan tafi da tsinke mai milimita 4.5 zuwa 5.5, amma hannu ya bambanta, wata tana matsewa, wata tana sakewa.

Layin farko da na ƙarshe sukan fito a matse, sai bargon ya tsuke a baki ya buɗe a ciki. Ki ɗora idon farko da tsinken da ya fi na aikin girma, haka ma wajen rufewa. Kuma ido ɗari biyu ba na tsinke miƙaƙƙe ba ne. Ki nemi mai igiya a tsakani, mai tsawon santimita 100 ko fiye, nauyin ya zauna a cinyarki, wuyan hannunki ya huta.

Sai bargon da ya fara da faɗi ya ƙare da tsini, ko akasin haka. Wannan rashin ƙirga ne. Mai kwarashi takan tsallake idon ƙarshe na layi ba ta sani ba, mai tsinke kuma takan bar zaren ya hau kan tsinke a farkon layi, ido ɗaya ya zama kamar biyu, ta saƙa duka. Saƙa aikin hira ce, ana yi ana sauraron rediyo, yara na shiga suna fita, babu mai iya riƙe lissafin 216 a ka. Ki ɗaura ɗan zare mai wani launi bayan kowane ido 20, ki riƙa duba tsakaninsu. Idan ido ya suɓuce ya gangara ƙasa kamar tsani, kada ki warware aikin mako guda. Ki kama shi da kwarashi, ki riƙa jawo zaren da ke kwance ta cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, har ki dawo da shi kan tsinke.

Akwai saƙar tsinke mai fuska santsi, wadda idonta ke jere kamar kitso. Tana da kyau, amma ɗabi'arta ce ta naɗe a baki, kuma guga ba ya raba ta da wannan hali. Maganinta a yi mata baki da saƙa mai tudu-tudu wadda gaba da bayanta iri ɗaya ne: layi takwas zuwa goma sama da ƙasa, ido biyar ko shida a kowane gefe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga bargo mai kyau ya fara warwarewa a wankin farko saboda ƙulli. Ana canza launi, sai a ƙulla zare biyu a datse su gab da ƙullin. Ulun roba da ya cika kasuwanninmu santsi gare shi, ƙulli ba ya zama a jikinsa. Ki bar jela mai santimita 15, ki zura ta a babbar allura, ki bi da ita ta bayan saƙar, ki juyo ki dawo, sannan ki yanke. Ki riƙa yi kina tafiya, domin gida 48 masu launi uku-uku jela kusan 300 ce, kuma tarin nan ne ke sa a jefa bargo a akwati ba a gama ba. Kafin haɗi ki shimfiɗa gidajen duka a kan tabarma ki ga zaman launukan, wanda ya fi sauran ƙanƙanta ki ƙara masa zagaye ɗaya. In na jariri ne, ki guji manyan ramuka da tuntu a baki, yatsunsa na shiga ciki, zaren kuma yana kai shi baki.

Hunturu ma yana da nasa. Ƙura na shiga farin ulu tun yana hannu, don haka ki riƙa ajiye aikin cikin jaka ko tsohuwar rigar matashi. Kaushin hannu yana tsinkar zare, ki shafa man kaɗanya ki bari ya shige jiki kafin ki ɗauka.

Wanki kuwa da ruwan sanyi ne, a matsa a hankali, ba murɗawa. Ulun tumaki na gaske in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya ƙanƙance ya dunƙule, ba ya dawowa. Na roba kuma dutsen guga ne maƙiyinsa, yana taɓa shi zai lafe ya yi ƙyalli, wani lokaci ya narke. Kada ki rataye jiƙaƙƙen bargo a igiya, nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo ya karkace. Ki naɗe shi cikin tawul ki danne ruwan, ki shimfiɗa shi kwance a inuwa a kan zani mai tsabta, ki daidaita kusurwoyinsa huɗu da hannu. A iskar Janairu, in kin shanya da safe, yawanci kafin magariba ya bushe.