Aikin dasashin da ya janye: yadda za ka shirya da abin da za ka yi bayan an gama

In ka ga haƙorinka kamar ya ƙara tsawo, ruwan sanyi na taɓa shi sai ka ji tsam har ƙwaƙwalwa, to dasashi ne ya ja baya, kuma ba ya dawowa da kanshi komai maganin da ka shafa. Yawanci goge baki da ƙarfi ne ke jawo shi, ko buroshi mai tauri ko aswakin da ba a tauna ya yi laushi ba, sai dattin da ya daskare a gindin haƙori da shan taba.

Ka fara zuwa sashen haƙori na asibiti, nan Sakkwato akwai na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH). Likita zai kankare dattin tukuna, wani ma iyakar abin da yake buƙata ke nan. In ta kai ga tiyata, allurar kashe zafi ce za a yi maka a baki kana farke, a ɗebo ɗan nama daga ganɗarka a ɗinke shi kan saiwar da ta fito. Mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini don Allah ya faɗa tun kafin a fara.

Bayan aiki kar ka goge wurin sai likita ya ce, ka riƙa kurkure baki a hankali da chlorhexidine, wato ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, in an rubuta maka, kuma ka daina jan leɓe kana leƙawa a madubi, wannan ɗabi'ar na warware ɗinki wallahi. Abinci kuwa sai mai laushi: kunu mai ɗumi, fura da nono, fate. Kilishi, tsire, goro da taba a haƙura. Zaren ana cire shi bayan sati 1 zuwa 2, ganɗar ma ta fi wurin aikin zafi.