Hawan keke kwana a jere: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da sanyi ya fara shigowa Kano, sai ka ga sababbin fuskoki a bakin titi bayan sallar asuba, kowa da keken tseren da ya sayo na gwanjo da riga mai sheƙi. Ina murna da ganinsu ƙwarai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kafin wata ya zagayo da yawansu sun ɓace. Ka tambaya, a ce maka wane gwiwa ce ta hana shi, wane yana kwance, wane kuma ya jingine keken a zaure ya ce harkar ba tasa ba ce. Kusan kullum labarin guda ne: mutum ya ji an ce hawa kwana a jere yana gina jiki, ya sha alwashin kwana 30 ba fashi, sannan ya yi shi ta hanyar da babu jikin da zai ɗauka.

Hawa a jere yana da amfani, ban musa ba. Shi ke koya wa zuciya da cinyoyi aiki cikin gajiya, shi ke sa mazaunai su saba da sirdi. Amma akwai yadda ake yinsa, kuma ni da tsada na koye shi.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne kassara mutane, shi ne mayar da kowace rana ranar tsere. A shekarata ta biyu da fara hawa, cikin watan Afrilu, na ƙudura zan yi Kano zuwa Wudil in dawo kwana bakwai a jere, kimanin kilomita 80 ke nan kullum. Ina tare da wasu samari biyu da suka girme ni a harkar, ba wanda yake so a ce shi aka bari a baya. Ranar farko mun yi gudu kamar ana binmu. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Daren rana ta uku barci ya ƙi zuwa duk da gajiyar da nake ciki, na ga abinci ya fita raina, amma na ce ai alamar jiki yana karɓa ne. Rana ta biyar muna dawowa da hantsi, sai ƙafafuna suka mutu murus. Feda nake takawa amma kamar a cikin yashi, idona yana ganin duhu-duhu, tsikar jikina tana tashi alhali rana tana ƙuna. A gindin wata darbejiya na zube. Wata baiwar Allah mai tallan fura da nono ce ta dama mini, ta ce, "Malam, sha a hankali, kada ka yi sauri." A bayan motar itace aka dawo da ni gida da keken. Sai da na yi mako shida ban hau ba, ga gwiwar dama da ta kumbura, kuma duk ƙarfin da na tara a wata uku ya tafi. Har yau idan na tuna nakan ji takaici, don ba ƙaddarar hanya ba ce, ganganci ne tsagwaronsa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ba a kan keke ƙarfi yake shiga jiki ba. A kan keke ɓarna kake yi: tsoka tana samun ƙananan raunuka, rumbun abincin da ke cikinta yana ƙarewa. Gyaran, wanda shi ne ƙarin ƙarfin, yana zuwa ne lokacin da ka ci ka kwanta. Hawa mai tsanani guda ɗaya yakan buƙaci kwana ɗaya zuwa biyu kafin jiki ya murmure. Idan ka sake dukansa kafin ya gama, bashi kake ci a kan bashi.

Kada wani ya kawo mini maganar Tour de France, babbar gasar tseren keke ta ƙasar Faransa. Na sani, zango 21 suke yi cikin kwana 23. To ko su ɗin ana ba su hutun kwana biyu a tsakani, suna da masu dafa musu abinci, masu yi musu tausa da likitoci, kuma a zangon da ba tudu yawancinsu a tsakiyar ayari suke laɓewa, inda na gaba ke tare musu iska, su rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala ko fiye. Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki a gasar, a 2024 ba kullum yake fitar da duk ƙarfinsa ba, ranakun da suka dace da shi yake jira. Ko Tour du Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987, a irin zafinmu da ƙurarmu, kwana goma ne ko kusa da haka, kuma ƙwararru ne da suka yi shekaru suna shiri. Kai kuwa da ka sauka daga keke shago za ka buɗe, ko aji za ka shiga ka tsaya a gaban allo har azahar.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma tsarina ne, wasu abokan hawa ba su yarda da shi ba. Kwana uku a jere, na huɗu hutu. A cikin ukun nan rana ɗaya tak nake matsa wa kaina, kuma ita ce ta farko, lokacin da ƙafa take da sauran kuzari. Ta biyu doguwa ce amma a natse. Ta uku gajeriya, awa ɗaya, giyar keke mai sauƙi. Ma'aunina na natsuwa shi ne hira: idan ba zan iya ba na kusa da ni labari ba sai ina yanke magana don numfashi, to na wuce gona da iri, sai in sassauta ko da yaro mai keken gida zai wuce ni. Duk mako na huɗu ina rage tafiyar da rabi. Kuma kowace asuba kafin in tashi daga shimfiɗa nakan ɗora yatsu a wuyan hannu in ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Idan ya ɗara na kullum da bakwai zuwa goma kwana biyu a jere, keke ba ya fita ranar, ko wa ya buga mini waya.

Masu Strava, da ku nake. Wannan manhajar waya, mai ajiye lissafin hawan mutum tana nuna wa abokansa, ta sa mutane suna hawa don a gani, ba don jiki ba. Mutum yana fama da zazzaɓin cizon sauro amma ya fita, wai kada jerin kwanakinsa ya yanke. Hawa da zazzaɓi wasa ne da zuciya, ba jarumta ba ce. Jerin ya yanke mana, wa zai biya ka?

Kuskure na biyu, wanda shi ne ya ƙarasa ni a hanyar Wudil, yunwa da ƙishirwa. Da yawa don rage tumbi suka sayi keke, saboda haka sai su fita ba karin kumallo, su dawo kuma su ƙi cin abin kirki. A hawan rana ɗaya za ka iya tsira da wannan. A jere ba ka isa ba. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta wanda bai fi rabin kilo ba, kuma hawa mai ƙarfi na awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana iya cinye mafi yawansa. Cika rumbun nan yakan ɗauki kusan awa 24, shi ma sai idan ka ci abinci mai sitaci sosai. Wanda ya dawo ya sha shayi kawai, gobe da rabin tanki zai fita, jibi da kwata, gata sai gindin bishiya.

Ba na sayen kayan zaƙin leda na ƙasar waje masu tsada. Kafin fita, kunun gyaɗa ko koko da burodi. A aljihun riga, dabino da ayaba, kuma duk tafiyar da za ta wuce awa ɗaya da rabi ina jefa dabino uku ko huɗu a baki duk bayan minti 30, tun kafin in ji yunwa. Da na dawo, cikin awa ɗaya, fura da nono ko shinkafa da wake da ƙwai. Da dare tuwo, ba na jin kunyar ƙari. Tumbin zai tafi da kansa idan ka ɗore wata shida, amma ba za ka ɗore ba idan kana horar da kanka da yunwa.

Ruwa kuwa, a zafin bazara mutum yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Da hunturu ma haɗarin yana nan, don iska tana busar da gumin nan take, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Gora biyu nake ɗauka, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa yara: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan leda kaɗai ba ya mayar da gishirin da ya fita. Ka riƙa duban fitsarinka da safe. Idan ya yi ja, ba ka sha isasshe ba jiya. Idan kuwa ya koma kalar shayi mai kauri ga tsoka tana ciwo fiye da kima, asibiti za ka nufa a ranar, don alama ce tsoka tana narkewa tana toshe ƙoda.

Nan ne zan ɗaga murya, don abin da nake gani ya ishe ni. Samari su tashi jiki yana tsami, maimakon su huta sai su biya kemis su sayi diclofenac ko ibuprofen su haɗiya su hau. Haba jama'a! Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi kuma jikinka ya bushe da gumi, wuta biyu ke nan a kan gaɓa ɗaya. Masu shan tiramol don "ƙarin ƙarfi" kuwa, ku ji tsoron Allah. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun 2019, saboda yana kawo jiri da gyangyaɗi, mutum ya faɗi ya kwashe na bayansa. Su a titin da aka rufe musu suke tsere. Kai da tirela da adaidaita sahu kake raba kwalta. Ciwo saƙo ne jiki yake aiko maka, jiki magayi, in ka toshe bakinsa ranar da zai yi magana ba za ka ji daɗinta ba.

Ita gwiwar tawa, daga baya na gano ba gudu kaɗai ya kumbura ta ba. Sirdina ya yi ƙasa, kuma ina son giyar keke mai nauyi don in ji ina aiki. A awa ɗaya ƙafa tana juya feda sau dubu biyar ko kusa, to ka lissafa ƙaramar karkata sau dubu biyar, awa uku, kwana biyar. Gyaran ba wuya: ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ka mayar da tafin gaba kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, daidai ke nan. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, a bayanta kuma ya yi sama. Ka gyara da kaɗan-kaɗan, rabin santimita a lokaci guda, ka sa alama da fenti. Giya kuwa ka sassauta ta, ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa hana wani fita. Wandon keke mai soso ba a sa masa gajeren wando a ciki, kuma ba a maimaita shi ba wanki, in ba haka ba maruru zai fito maka a inda ba za ka iya zama ba, shi ya sa nake da guda biyu. Da ka sauka ka cire shi ka yi wanka, kada ka zauna hira a wurin mai shayi da jiƙaƙƙen wando. Baƙin mai na inji ba na sarƙar keke ba ne, ƙurar hunturu yake tarawa ya zama kamar yashi yana cin haƙoran giya. Ka duba iskar taya da birki da dare, ba da asuba kana sauri ba. Tif na ƙari da famfo da faci su zauna a jikin keken, don ba kowane ƙauye ke da mai facin da ya san siririyar taya ba. Hular kwano ba ado ba ce, fitilar baya kuma wajibi ce ga mai fita da duhu. Kada ka canza sabon sirdi ko sabon takalmi a tsakiyar jerin kwanaki. Barci awa bakwai aƙalla: wanda zai tashi ƙarfe biyar ba shi da hurumin kallon ƙwallo har sha biyun dare.

Sai azumi, don duk shekara ana tambayata. Ni ba na yin hawa a jere a Ramadan, musamman idan ya faɗo cikin zafi. Rana ɗaya in hau, rana ɗaya in huta, minti 40 zuwa awa ɗaya a natse, in daidaita shi yadda zan iso gida dab da kiran magariba, ruwa da dabino suna jirana. Akwai abokaina da suka fi son bayan tarawihi a cikin unguwa inda akwai fitilun titi, wannan ma ya yi idan kana da fitila gaba da baya. Bayan salla ƙarama kuma ba na komawa inda na tsaya. Mako biyu nake ɗauka ina yin kwana biyu a jere da hutu ɗaya, ban wuce kilomita 30 ba, kafin in sake fuskantar hanyar Wudil.