Kurakuran sababbin shiga tseren karnuka a busasshiyar ƙasa

Wasan nan ya samo asali ne daga masu tseren karnuka a kan dusar ƙanƙara, waɗanda suke neman yadda karnukansu ba za su yi sanyin jiki ba kafin hunturu. Yanzu ya tsaya da ƙafarsa a Norwe, Faransa, Jamus da Amurka, har IFSS, hukumar wasannin karnukan ja ta duniya, tana shirya masa gasar duniya. Yadda ake yinsa, kare ya ja mai gudu da ƙafa, ko keke, ko kuma karnuka 4 zuwa 8 su ja amalanke mai taya. Duk kaka sai an ga sababbi suna maimaita kurakurai iri ɗaya.

Babban cikinsu zafi ne. Kai kana kan keke iska tana kaɗa ka, sai ka ɗauka gari da sanyi. Shi kuwa kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma in iska tana da laima hakin ba ya wani aiki. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ransa na cikin haɗari. Abin takaicin, kare mai son ja ba zai tsaya ba, zai yi ta ja har ya faɗi. To wa zai taka birki in ba kai ba? Dubi harshensa: in ya zazzago ya yi faɗi kamar ludayi, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya sun fara tangaɗi, ai ka riga ka makara. Tsaya nan take, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwan sanyi a kan cikinsa da matsematsinsa, sannan a nufi likitan dabbobi. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, riƙe zafin yake yi. Ni ƙa'idata, in zafin gari ya wuce digiri 15 ba na ɗaura keke, kuma da asuba nake fita. Wasu za su ce na cika tsanani. Su ce.

Na biyu igiya. Haba, yaya mutum zai naɗe igiya a hannu, ko ya ɗaura ta a kan sitiyarin keke? Fizga ɗaya kare zai yi bayan zomo, sai ka ji ka a ƙasa. A jikin ƙarfen keken ake ɗaurawa, ƙasa da sitiyari, da wani siririn sanda da ke ɗage igiyar sama da tayar gaba. In babu shi, da kare ya rage gudu igiya ta saki, taya za ta haɗiye ta. Igiyar ta zama mai roba a ciki, kimanin mita 2.5 in ta miƙe, don ta shanye fizgar da za ta bugi bayan kare. Kuma da ɗamarar ƙirji ake ja, ba da abin wuya ba. Ɗamarar ta zauna kan ƙashin ƙirji, yatsu biyu su iya shiga.

Kwalta tana cinye tafin ƙafar kare, a nemi hanyar ƙasa. Abinci mai nauyi, a bar awa 3 tsakaninsa da gudu saboda murɗewar ciki, amma a ba shi ruwa da ɗan romo awa 2 kafin tashi. Kwikwiyon da bai shekara ba, ba ya ja. Kalmomin dama da hagu, "ji" da "ho", a ƙafa ake koya su, ba ana tsakiyar gangara ba. Hular kwano kuma a kai take zama, ba a bayan mota ba.