Kurakuran da sababbin marubuta labarin binciken kisa suka fi tafkawa

Tun a 1841 Edgar Allan Poe ya aza tubalin labarin bincike da wani gwani mai suna Dupin a birnin Faris. Arthur Conan Doyle ya zo da Sherlock Holmes a 1887, Agatha Christie kuma ta fito da Poirot a 1920. An daɗe ana nazarin yadda ake ƙulla irin wannan labari da yadda ake warware shi, amma har yau in sabon marubuci ya kawo mini rubutunsa in duba, ba na yin nisa nake hango ramin da zai faɗa. Ramukan ba su canza ba, ni kuma na gaji da nanata su ga mutum ɗaya bayan ɗaya.

Babban cikinsu, wanda ba na iya yafewa, shi ne ɓoye wa mai karatu hujja. Sai ka ga mai bincike ya sunkuya kusa da gawa, ya tsinci wani abu, ya sa a aljihu, ya yi murmushi. Mene ne ya tsinta? Shiru. Sai a babin ƙarshe a zaro shi a ce ai maɓallin rigar wane ne. Wannan ba gwaninta ba ce, ha'inci ne. Mai karanta labarin bincike gasa ya shigo yi da kai, so yake ya riga mai binciken gano bakin zaren. In ka kayar da shi da hujjar da ya gani da idonsa ya wuce ta, zai sara maka, ya nemi littafinka na gaba. In ka kayar da shi da wadda ka danne, ya san an cuce shi.

Magabatan fannin sun ɗauki wannan da zafi. A 1928 S.S. Van Dine a Amurka ya zayyana dokoki 20, a 1929 Ronald Knox, wani limamin coci a Ingila, ya fitar da nasa guda 10, kuma dukansu sun haɗu a kan cewa abin da mai bincike ya gani dole mai karatu ya gani. Dubi yadda Doyle ya yi a gajeren labarinsa "Silver Blaze" na 1892. An fitar da dokin sukuwa daga barga cikin dare, akwai kare a wurin, bai yi haushi ba. Holmes da bakinsa ya jawo hankalin ɗan sanda ga shirun karen, a gaban mai karatu. Duk da haka yawancinmu sai daga baya muke gane cewa karen ya san wanda ya shigo ne. Hujja tana fili, ma'anarta ce a lulluɓe, kuma nan sana'ar take.

Ni dabarata ita ce in na gama rubutu sai in jera duk hujjar da mai bincike ya dogara da ita a bayaninsa na ƙarshe, in nemo shafin da kowace ta fara bayyana. Wadda ban samu ba kafin a shiga kashi na ƙarshe na littafin, sai in koma baya in dasa ta. Wajen dasawa kuma nakan cusa ta tsakiyar tarkacen da ke kan tebur, ko in sa rigima ta ɓarke nan take bayan an ambace ta, don hankalin mai karatu ya bi rigimar. Wasu ba sa son wannan jeri, suna cewa yana kashe musu armashin rubutu. Ni dai ban ga abin da ya fi shi ba.

Kuskure na biyu shi ya taɓa cinye mini littafi sukutum: fara rubutu ba ka san wanda ya yi kisan ba. Na taɓa jefa gawa a babi na farko, na tara mutane masu abin zargi, ina ta rubutu da daɗi a kan cewa makashin zai bayyana mini a hanya. Da na doshi ƙarshe sai na tarar kowa na ba shi shaidar cewa yana wani wuri lokacin da abin ya faru. Dole na ƙirƙiro wani baƙo daga sama na ɗora masa laifin. Abokin da ya fara karantawa ya maido mini da takardun ya ce, "Wannan mutumin daga ina?" Ba ni da amsa, kuma gyara bai yiwu ba, don ɓarakar tun daga tushe take.

Haba jama'a! Labarin bincike labari biyu ne a goye. Akwai na laifin: wa ya yi, don me, da ƙarfe nawa, ta wace ƙofa, me ya manta. Akwai na binciken, wanda shi mai karatu ke gani. Na farkon ake fara rubutawa, ko da ba wanda zai karanta shi. Ka zauna ka tsara inda kowa yake a kowace sa'a ta ranar kisan. Wanda ya tsallake wannan aiki shi ne za ka ga makashinsa ya fashe da kuka ya tona kansa ba gaira ba dalili, ko mai bincike ya yi mafarki an nuna masa, ko ya yi tuntuɓe da wasiƙa a kan hanya. Knox ya hana sa'a da ilhama su warware ƙulli, ya kuma ce a ambaci mai laifi tun farkon labari. Sannan ka ba makashinka dalili na gaske, gado ne, kishi ne, tsoron tonon asiri ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma "ashe mahaukaci ne" ba dalili ba ne, lalaci ne na marubuci.

Sai batun guba, da ake rubutawa da ka. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a garin Torquay na Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa gubarta ke aiki a littafi yadda take yi a jiki. Ta bayyana alamun gubar taliyam, har da zubewar gashi, a littafinta The Pale Horse na 1961, kuma a 1977 wata ma'aikaciyar jinya a Landan da ke karanta shi ta gane alamun a jikin wata ƙaramar yarinya, aka ceto ta. Kai kuwa ka ƙirƙiro gubar da ba ta da suna, ba ta da wari, ba ta barin alama. Ka bincika, ko ka canza makami.

Haka masu kwaikwayon Holmes ke tsayawa a lofe da hula da taƙama. Abin da ya sa ya dawwama lura ce. Doyle ya ɗauko ta daga malaminsa na likitanci a Edinbara, Joseph Bell, kuma Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a Lyon ta Faransa a 1910, mai sha'awar labaran nan ne. Toka, ƙura da sawun takalmi suka ja hankalin Locard, ba hula ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka mai da abokin mai bincike wawa, Watson, abokin Holmes, likita ne, aikinsa yin tambayar da ke bakin mai karatu. Tagwaye da ƙofar sirri, in ba ka shimfiɗa musu hanya tun farko ba, ka bar su. Mutanen zargi biyar ko shida sun isa, in suka wuce haka sunaye ake haddacewa. Bayanin ƙarshe kada ya zama lacca.

Akwai kuma kuskuren da marubucin Amurka Raymond Chandler ya caccaki marubutan Ingila a kansa a 1944, cewa kisa a wurinsu ya zama wasan wasa ƙwaƙwalwa da ya yi nisa da rayuwa. A nan ina bayansa. Wanda aka kashe mutum ne, yana da uwa ko mata ko ɗa. Ni ba na barin babi na biyu ya wuce ban nuna wanda mutuwar ta girgiza ba, kuma sau da yawa a bakin wannan mai makokin nake saka hujjata mafi nauyi, don ba wanda ke tantance maganar mai kuka.