Shawara ga masu son canza bututun hayaƙi na motar MGB

'Yan uwa, kafin mutum ya kashe kuɗinsa wajen sayen bututun hayaƙi na zamani don ya maye gurbin manifol na asali, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga ƙofofin injin, ya kamata ya fara duba shekarar da aka ƙera motarsa. Kamfanin MG na Ingila ya ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, kuma injinta mai lita 1.8 yana da silinda huɗu amma ƙofofin fitar hayaƙi uku ne kacal, domin silinda biyu na tsakiya ƙofa ɗaya suke amfani da ita. Manifol na asali da ke kan motocin farko, masu kafireta biyu, yana fitar da hayaƙi yadda ya kamata, saboda haka idan ba a taɓa kan injin ba, ƙarfin da sabon bututu zai ƙara wa injin ɗan kaɗan ne, sai dai ƙarar sauti da zafi.

Motocin da aka kai Amurka daga 1975, masu kafireta ɗaya, su ne suke cin moriyar canjin sosai, tunda manifol ɗinsu a matse yake, amma sai an canza shi tare da kafiretar.

Wanda ya riga ya saya, ya sa bakanike ya ɗora bakin bututun a kan shimfiɗaɗɗen gilashi ya ga ko ya lanƙwashe, domin mai lanƙwasa yana ƙona gaskit, wato abin da ke toshe tsakanin bututun da injin. A kuma sake saita kafireta bayan an ɗaura, a nisantar da tiyon mai daga bututun.