Kafin Ka Yi Wa Yara Alkawarin Dubai: Magana Ga Sababbin Zuwa Abuja

Shekara ta biyu ce ke kayar da mutum a Abuja. A ta farko kowa a tsorace yake, yana lissafin kowane kwabo, ko tabarma zai saya sai ya tambayi mutum uku. Sai an saba da gari, albashi ko ciniki ya fara zama, yara sun yi abokai a makaranta, sannan za a fara jin "bana ina za mu je hutu?" a cikin gida. Da ku nake, ku da kuka iso kwanan nan: wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Katsina ko Gusau, wanda ya biyo ubangidansa na siyasa, ɗan kasuwar da ya baro Kantin Kwari ya kama shago a Wuse, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka ƙetaro iyaka. Na gaji da ganin mutanenmu suna faɗawa rami guda, ɗaya bayan ɗaya.

Abinci, kasuwa da masallaci ba sai na ɓata muku lokaci a kansu ba, cikin mako guda za ku gane hanya. Garin nan an ce na kowa ne, amma da Hausa ake ciniki a cikinsa. Leƙa Zone 4 ka ga su wa ke riƙe da canjin kuɗi, leƙa karar dabbobi ta Dei-Dei, ko kasuwar kayan marmari ta Zuba, ko wurin masu kilishi a Area 1. Namu ne, kuma idan ka yi sallama ka faɗi garinku, da wuya ka tashi ba a haɗa ka da wani ɗan unguwarku ba. Abu ɗaya kawai, kada ka shiga motar da ba ta tasha ba, musamman da dare, saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar mutum kamar motar haya su yi masa fashi a ciki.

Matsalar daga makaranta take farawa. Ka matsa wa kanka ka sa yara a makarantar kuɗi mai suna, wanda ba laifi ba ne. An dawo daga dogon hutu a watan Satumba, malama ta ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Wannan ya rubuta Dubai, wancan Landan, wata ta zo da hoton da ta ɗauka da Mickey Mouse a Faris. Naka ya rubuta Funtuwa. Da yamma ya dawo fuska a murtuke: "Baba, mu me ya sa kullum Funtuwa?" Uwarsa ba ta ce komai ba, amma ita ma ta ga hotunan matar maƙwabci a WhatsApp. Kai kuma ba ka so a ce ka kawo iyali birni ka bar su a baya. Sai bakinka ya suɓuce: "In sha Allahu baɗi." To ka ɗaure kanka, domin yaro ba ya manta alkawari, zai riƙa tuna maka har a gaban baƙi.

Mu yi lissafin da ya kamata a yi kafin bakin ya suɓuce. Kowane yaro sai da fasfo nasa, har jariri, kuma ba a yin fasfo sai da lambar NIN. Daga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira dubu 100. Iyali mai mutum shida, dubu 600 ke nan ba a ko taka filin jirgi ba. Idan Disneyland na Faris ake so, wanda aka buɗe a 1992, sai bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai: Yuro 90 ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu, ban da inshorar lafiya ta tafiya, ban da takardar bayanan asusun banki ta watanni da za a bi ta layi-layi. Idan Disney World na Orlando ne a Amurka, kuɗin neman biza dala 185 ne a kan kowane kai. Mutum shida, dala 1,110. In dala tana kan naira 1,500, ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Kuma a riƙe wannan da kyau: idan an hana ka, ba a mayar da ko sisi. Ka biya kuɗin tambaya ne kawai.

Dubai da mutanenmu suka fi sabawa da ita, ita ma ba kamar da ba ce. A Oktoba 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, sai a Yulin 2024 aka dawo bayarwa, kuma sharuɗɗan suna yawan canzawa. A irin wannan ruɗanin ne masu "ina da hanya" ke cin kasuwarsu. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa, ba shi da ofis sai lambar waya, ka riƙe kuɗinka. Sannan ga ita kanta naira. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen 460, cikin 2024 ta wuce 1,500. Wanda ke ba ka labarin yadda ya kai iyalinsa Dubai a 2019 da kuɗi kaɗan ba ƙarya yake ba, amma labarin wata duniya yake ba ka.

Duk wannan da sauƙi idan kuɗin naka ne na kashewa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yawanci kuɗin haya ne ake taɓawa, kuma a nan zan daɗe.

A gida da yawanku ba ku san haya ba. Ko gidan gado ne, ko kuma mai gidan abokin mahaifinka ne, idan wata ya yi nisa ka je ka gaishe shi ka ce a yi haƙuri, ya ce Allah ya hore. A Abuja shekara guda ake biya a dunƙule, wasu ma su ce biyu ga sabon shiga. A kan wannan akwai kason dillali, yawanci kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na ko za ka yi ɓarna, wanda karɓo shi ranar tashi wani yaƙi ne daban. Idan cikin rukunin gidaje ne mai ƙofa da masu gadi, ga kuɗin hidima duk shekara: gadi, shara, ruwa, wani lokaci har man janareto. Mai gidan kuma sau da yawa ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba. Yana Legas ko yana ƙasar waje, lauya ko dillali ne tsakaninku, kuma su ba su san "a yi haƙuri" ba.

Da yake sau ɗaya ake biya, mutum sai ya manta da shi. Wata takwas ba wanda ya tambaye ka komai, kuɗi na taruwa a asusu, sai ka ɗauka rara ce. Na mai gida ne, lokacinsa ne bai yi ba. Kuma ba a kan tsohon farashi zai zo ba. Ni kaina an taɓa turo mini takarda saura makonni haya ta ƙare, an ɗora kusan rabin abin da nake biya a kai. Na kira dillalin na ce, "Haba Alhaji, ko fenti ba a yi wa gidan nan ba tun da na shiga, rijiyar burtsatsen ma mu muka haɗa kuɗi muka gyara." Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai mutum biyu da ke jira, in ba za ka iya ba ka faɗa mini da wuri." Ko murya bai ɗaga ba. Gaskiya ya faɗa, akwai masu jira.

Wani ƙanena na ƙungiyar garinmu, yaro mai hankali, ya kwashi matarsa da yara huɗu zuwa Dubai a watan Agusta, da kuɗin haya, da niyyar zai cike gurbin kafin Nuwamba. Suka dawo suka tarar da kuɗin makaranta na zangon farko, wanda shi ne mafi nauyi saboda littattafai da kayan makaranta. Kuɗin da yake jira daga wani aiki bai fito ba. Nuwamba ta zo da ƙarin haya. Ranar da muka je taya shi kwashe kaya daga Gwarimpa zuwa Mararraba, akwatunan tafiyar har yanzu da takardar jirgi a maƙale a hannunsu, a ciki aka zuba tukwane. Babbar 'yarsa na rungume da wata 'yar tsana da aka saya mata a can, tana tambayar ko sabon gidan yana kusa da makarantarsu. Ba ya kusa. Wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya da safe ya san abin da ake nufi da tashi kafin asuba da yara ƙanana. Zango ɗaya suka yi aka canza musu makaranta. 'Yan ƙungiya sun yi karo-karo, kamar yadda muka saba, kuma ina alfahari da hakan, amma asusun nan don rashin lafiya da rasuwa aka kafa shi.

Ku san haƙƙinku kuma. A dokar da ke aiki a Abuja, mai hayar shekara-shekara yana da notis na wata 6 kafin a tashe shi, sai dai idan yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta faɗi wani abu daban, kuma yawancinsu suna faɗa. Mai gida ba shi da ikon cire maka rufi ko watso maka kaya waje ba tare da kotu ba. Amma mutanenmu sai su sa hannu a takarda mai shafi goma ba su karanta ko layi ɗaya ba, wai kunya suke ji kada a ce ba su yarda da mutum ba. A karanta. In Turancin lauyoyi ya yi nauyi, muna da lauyoyi a cikinmu, a kai musu. Kuma kowane kuɗi a tura ta banki a karɓi rasit.

To a ce kuɗin ya wadata, haya na gefe, makaranta na gefe. Wuraren wasan sun cancanci abin da ake kashewa? Ya danganta da shekarun yaran, kuma wannan ne ba wanda ke faɗa maka. A bakin kowane babban lilo akwai ma'aunin tsawo. Wasu sai yaro ya kai mita 1.2, wasu har 1.4. Ɗan shekara huɗu an biya masa jirgi da otal da tikiti, amma manyan abubuwan sai dai ya tsaya da uwarsa yana kallon yayyensa yana kuka, kuma nan da shekara biyu ba zai tuna ko ɗaya ba. A Disney World kuwa, yaro na cika shekara 10 kuɗin babba zai biya, kuma tikitin yini guda ya haura dala 100. A lokacin hutu layin abu ɗaya na iya cin sa'a guda don wasan minti biyu ko uku, sai dai ka ƙara kuɗi a ba ka layin gaggawa. Abincin ciki da ruwan sha farashinsu daban, kuma hanyar fita daga wasanni da yawa ta cikin kantin kayan wasa take bi. Da gangan aka tsara haka.

Lokaci ma abin dubawa ne. Dogon hutunmu yana faɗawa Yuli da Agusta, daidai lokacin da zafin Dubai ke wuce digiri 40, ga gumi mai naso. Kada ɗan Sakkwato ya ce ya saba, wannan daban ne. Sai dai wuraren da ke cikin gini kamar IMG Worlds of Adventure. Global Village da ake ta yaɗa hotunansa ma a rufe yake a lokacin, daga wajen Oktoba yake buɗewa. Inda Dubai ta fi Faris da Orlando a wurinmu shi ne ba ka fargabar abin da za ka ci, kuma wurin salla ba ya wuyar samu. A Turai sai ka yi ta karanta bayan kwali kana neman lungun da za ka shimfiɗa darduma.

Ra'ayina, idan ƙaraminsu ya kai takwas ko tara, lokacin sanyi ne, kuma kuɗin ba bashi ba ne, a je sau ɗaya, za su ji daɗi kuma za su riƙe shi. Ban ce haramun ba ne. Ƙasa da haka asara ce, an dai yi don hoto.

Kafin nan, garin da kuke ciki ba kango ba ne. Magicland, wanda aka fi sani da Wonderland a da, yana nan kusa da babban filin wasa na ƙasa, da lilo da motocin karo. Ranar Sallah cika yake yi maƙil, gara a bari sai kwana na uku ko wata Asabar da safe, kuma a yanke wa kowane yaro adadin abin da zai hau tun daga gida, in ba haka ba nan ma aljihu zai ji jiki. Millennium Park na Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disamba 2003, tabarma da kular abinci da ƙwallo kawai yake buƙata. Akwai gidan namun daji na yara a Asokoro, akwai tafkin Jabi. Mai mota ya kai su su ga Dutsen Zuma da idonsu, ya ciro takardar naira 100 ya nuna musu shi a jiki, in hanya da lafiya a wuce ruwan Gurara a jihar Neja, a fita da wuri a dawo da rana. Jos ma ba nisa, ga sanyi, ga gidan tarihi da aka buɗe tun 1952, ga gandun namun daji.

Funtuwar da yaron ke rainawa kuma, kada ka taya shi rainawa. Ka kai shi gona, a bar shi ya hau amalanke, kakarsa ta ba shi labarin gidansu, ka taya shi rubuta wannan da kyau ya kai wa malama. Yaran da ke tasowa a nan da yawansu Hausar ma tana kuɓuce musu, kana yi musu magana suna amsawa da Turanci, kuma wata guda a gaban kaka ya fi duk wani malamin darasi da za ka ɗauka.

Wanda hayarsa ke ƙarewa tsakanin Satumba da Janairu, ya ɗauko yarjejeniyarsa yau ya duba abin da ta ce a kan notis da ƙarin kuɗi, ya kira dillali ya tambayi farashin baɗi tun yanzu, a rubuce. Sai ya raba kuɗin gida goma sha biyu, ya buɗe masa asusu daban wanda ba shi da kati.