Darasi na 7: Takardar Tambayoyin Ciwon Baya a Harshen Turkanci

Ciwon baya yakan lafa cikin makonni kaɗan. Amma a jikin wasu sai ya zauna daram, ya wuce wata uku, ya hana su noma da ɗaukar kaya. Likita na son ya gane waɗannan mutane tun ranar farko. Shi ya sa a shekarar 2008 masana a Jami'ar Keele da ke Ingila suka fito da takarda mai tambayoyi tara, sunanta STarT Back.

Tambayoyin ba su da wuya. Ciwon ya sauka zuwa ƙafa a makonni biyun nan? Kana daɗewa wajen sa tufafi? Kana jin ciwon nan ba zai taɓa warkewa ba? Ana ba da maki bisa amsoshin. Wanda ya samu maki 3 ko ƙasa da haka, hatsarin ciwonsa ya daɗe kaɗan ne. Biyar daga cikin tambayoyin sun shafi tsoro da damuwa, domin mai fargabar motsi ya fi daɗewa a kwance.

To, mutumin Turkiyya da bai ji Turanci ba fa? Fassara kawai ba ta wadatar. A Turkanci "bel" na nufin ƙugu, "sırt" kuma gadon baya. Mu ma mun san ciwon ƙugu daban, ciwon gadon baya daban. In mai fassara ya ɗauki kalma ɗaya a madadin ɗaya, manomi zai amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Don haka mutum biyu ke fassarawa, kowa shi kaɗai, sannan a haɗa. Wasu da ba su taɓa ganin ta asali ba, sai su mayar da ita Turanci, a duba ko ma'ana ta zame. Daga nan a ba marasa lafiya 30 zuwa 40, a zauna da kowannensu a ce, "Me ka fahimta da wannan?" A ganina nan ne zuciyar aikin, don bakin mara lafiya ke tona kuskuren da masana suka tsallake. Bayan 'yan kwanaki a sake ba wasu daga cikinsu takardar. In jikinsu bai sauya ba, bai kamata makinsu ya sauya ba.

Aikin gida: Nemi dattawa biyu a unguwarku. Ka ce kowa ya nuna maka da hannu inda "ciwon baya" yake. Rubuta wurin da kowannensu ya taɓa, ka kawo aji.